Gyara Tun Inji Bai Tsaya Ba

A watan Maris na 2021 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince a kashe dala biliyan 1.5 wajen yi wa matatar mai ta Fatakwal garambawul. Ba a rufa wata shida ba, cikin Agusta na wannan shekara, ta sake amincewa da wata dala biliyan 1.48 saboda matatun Warri da Kaduna. A ƙarshen Nuwamba na 2024 aka yi shela cewa tsohuwar matatar Fatakwal ta koma aiki, aka nuna motocin dakon mai suna lodi, jama'a suka yi ta murna. Kafin Mayu na 2025 ya ƙare an sake rufe ta da sunan gyara. Matatun nan guda huɗu, watau biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, an gina su ne don su tace ganga 445,000 ta ɗanyen mai kowace rana, amma shekarar 2020 ta shigo ta fita ba su tace komai ba.

An yi maganganu da yawa a kan wannan al'amari, galibi a kan kuɗin da aka zuba da inda suka shiga. Wannan bincike ne da ke da masu shi, kuma wajibi ne su yi shi. Amma akwai tambayar da ta riga wannan, wadda ba a cika yi ba. Yaya aka yi matatar da kamfanin Chiyoda na Japan ya gina a Kaduna, aka buɗe ta sabuwa ful a 1980, ta kai matsayin da sai an kashe mata ɗaruruwan miliyoyin daloli kafin ta motsa, alhali a wasu ƙasashe akwai matatun da suka girme ta nesa ba kusa ba suna nan suna aiki? Gaskiya ne masu fasa bututu sun yi ɓarnarsu, kuma matatar da ɗanyen mai bai iso mata ba dole ta zauna. To, amma babban rabo na amsar yana cikin ranakun da ba wanda ya rubuta labarinsu: ranar da lokacin ɗura giris ya yi aka tarar babu shi a sito, ranar da makanike ya ce ya ji wata ƙara aka ce ya dakata sai an saki kuɗi, da shekarar da ya kamata a tsayar da aiki a duba cikin tukwane da bututu aka ɗage sai baɗi.

Cutar kuwa ba a matatu ta tsaya ba. Duk ma'aikacin da ya taɓa zagawa bayan sakatariya, ko bayan babban asibiti, ko harabar gidan ruwa, ya san maƙabartar da ke can: janareto biyu ko uku a jere an lulluɓe su da tamfol, motoci a kan duwatsu ciyawa ta fito ta cikinsu, injunan tura ruwa da tsatsa ta gama da su. Ɗalibi ma ya san ta, don ya sha ganin injin da malami zai ce a kalla a zana hotonsa kawai, tun da an manta rabonsa da juyawa. Kaɗan ne daga cikin waɗannan tsufa ya kashe. Yawancinsu da ƙuruciyarsu suka mutu, kuma mutuwar tasu ita ce famfon unguwa da ya ƙafe, da tiyatar da aka ɗage, da allurar rigakafin da ta lalace a firji saboda wuta ta ɗauke.

Abin mamaki shi ne ilmin nan ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Magidanci mai gidan ƙasa a Kano ko Zariya ko Katsina bai taɓa jiran soro ya rufto masa kafin ya kira magini ba. Da bazara ta kankama, tun kafin ruwan farko, zai sa a hau a duba rufi, a toshe tsaga, a yi yaɓe, a daidaita zaman indararo don kada ruwa ya kwanta ya ci bango. Ya san lokacin aikin, ya san mai yin sa, ya kuma tanadi kuɗinsa tun da kaka. Jikan wannan magidanci ne yau yake zaune a ofis, an damƙa masa amanar gini da injuna na miliyoyin naira, ba ya tuna su sai ran da suka tsaya.

Abin da injiniyoyi suka ƙara a kan hikimar mai yaɓe shi ne awo da lissafi. A ɗauki misalin injin tura ruwa na gidan ruwa, wanda moto mai aiki da lantarki ke juyawa. Sandar ƙarfen da ke haɗa su tana zaune ne a kan boris, shi kuwa boris giris ne ransa. Tsakanin ƙwallayen ƙarfen da ke cikinsa da hanyar da suke bi akwai wata shimfiɗar mai wadda ba ta ko kusa da kaurin gashin kai ba. Muddin tana nan, ƙarfe ba ya taɓa ƙarfe. Ran da ta ƙare, ko ƙura ta shiga ta gauraya da ita, sai abin da ke kare boris ya koma abin da ke goge shi. Kamfanonin da ke ƙera boris sun daɗe suna faɗa cewa ƙarancin mai, da mai marar dacewa, da datti, su ne kan gaba cikin abubuwan da ke kashe shi kafin lokacinsa. Cika shi da giris har ya tumbatsa ma illa ce, don yana sa shi ɗaukar zafi. Saboda haka aka rubuta adadi da lokaci a littafin kowane inji. Haka kuma idan moto da injin ba su daidaitu sosai a kan layi ɗaya ba, ko da karkacewar ba ta kai abin da ido zai gani ba, boris ne zai biya, sa'an nan robar da ke hana ruwa tsiyaya ta bi baya.

Boris yana cikin mafi araha a jikin inji. Idan aka sake shi a kan kari, aikin 'yan sa'o'i ne na mutum biyu. Idan aka bar shi har ya cije, zai ci sandar, sandar ta ja moto, naɗin wayar da ke cikin moto ya ƙone. Daga nan sai a buɗe fayil, a nemi 'yan kwangila, a jira amincewa, gari kuwa yana sayen ruwa a wurin 'yan garuwa har mako shida ko fiye.

Inji ba ya mutuwa bai yi sallama ba, kuma sallamar tasa tana da matakai. Da fari akan sami wata 'yar girgiza wadda sai na'ura ke jin ta. Bayan haka ɓurɓushin ƙarfe ya fara bayyana cikin mai. Sa'an nan ƙara ta sake, yadda tsohon makanike zai ɗora bakin sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya ce akwai magana. Daga baya zafi ya kai inda tafin hannu ba zai iya daɗewa a wurin ba. Hayaƙi shi ne na ƙarshe, kuma shi kaɗai ne yawancin ma'aikatu suke ganewa. Tsakanin alamar farko da ta ƙarshe akan sami makonni, wani lokaci watanni. Duk hikimar kula da injuna ta tattaru ne a kan yin amfani da wannan tazara, a sayo abin da za a sake, a zaɓi ranar da tsayar da aiki ba zai cuci jama'a ba, a yi gyara cikin natsuwa.

Yanayin ƙasar nan kuma yana ƙara nauyin aikin. Yawancin motocin lantarki na masana'antu an ƙera su ne bisa sharaɗin cewa zafin iskar da ke kewaye da su ba zai wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas ba. A Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu kan haura wannan a inuwa, balle cikin ɗakin inji mai rufin kwano da ba shi da taga. Akwai ƙa'idar da masu aikin lantarki suka daɗe da sani, cewa duk ƙarin digiri 10 a kan zafin da aka ƙayyade wa naɗin waya yana rage rabin kwanansa. Moton da ya kamata ya yi shekara 20 zai yi 10, in ƙarin ya kai digiri 20 ya yi 5. Da hunturu kuma ƙura kan toshe matacin iska da lagireto da ƙofofin da moto ke shaƙar iska ta cikinsu, zafi ya ƙaru a lokacin da kowa ke zaton sanyi ake yi. Maganin duk wannan bai wuce buroshi da tsumma da buɗe taga ba, sai kuma mutumin da aikinsa ke nan kowace safiya. Lokutan sabis da ke cikin littafin da aka rubuta a Turai ko Japan kuwa, wajibi ne a matso da su kusa a inda ƙura ta yi yawa, kamar yadda su masu littafin kan yi gargaɗi.

Janareto ya isa misali ga kowane ofis. Masu ƙera irin wanda ke shan gas da yawa sun ƙayyade a sake baƙin mai da matacinsa bayan awa 250 na aiki. Injin da ke aiki awa 10 kowace rana zai cika wannan cikin kwana 25. Ma'aikatar da ta tsara yin sabis sau biyu a shekara, don haka kasafinta ya tanada, tana kashe injinta da hannunta ko da ba a saci ko kwabo ba. Akwai kuma kuskuren da son girma ke jawowa. Akan sayo inji wanda ya ninka bukatar ofis sau huɗu ko biyar, wai don ya huta. Injin gas da ya daɗe yana ɗauke da ƙasa da kashi 30 cikin 100 na nauyin da aka yi shi dominsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai, sai ragowar man da baƙin hayaƙi su riƙa taruwa a cikinsa har su illata shi. An kashe kuɗi da yawa an sayo, ana kashe da yawa wajen mai, kuma zai riga ƙaramin mutuwa.

A nan ya kamata a yi hattara da wani zato, watau cewa yawan kwance inji ana sake masa kaya shi ne kulawa. A 1978 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin jiragen sama na United Airlines a Amurka, Stanley Nowlan da Howard Heap, suka fitar da rahoto a kan yadda sassan jirgi ke lalacewa. Sun gano cewa kashi 11 cikin 100 ne kawai na sassan ke da wani shekarun da in sun kai su lalacewarsu ke ƙaruwa, yadda sake su bisa kalanda zai yi amfani. Ragowar kashi 89 ba su bin wannan tsari. Har ma kashi 68 sun fi lalacewa jim kaɗan bayan an ɗaura su sababbi ko an taɓa su. Dalili a fili yake: duk lokacin da aka buɗe cikin inji akwai yiwuwar datti ya shiga, ko a ɗaure noti fiye da kima, ko a mayar da wani abu a karkace. Wannan rahoto ya sauya yadda ake kula da jirage da tashoshin wuta da masana'antu a duniya. Darasinsa ga mai riƙe da kayan gwamnati shi ne a yawaita dubawa da saurare da awo, a buɗe inji lokacin da alama ta nuna ko ƙa'idarsa ta wajabta. Kwangilar garambawul ta biliyoyi bayan shekara goma ana sakaci ba ta maye gurbin wannan, ko da an yi ta tsakani da Allah.

Madatsun ruwa ma haka suke, sai dai su kuskurensu rayuka yake ci. Madatsar ƙasa tana bukatar mai zagaya ta yana neman tsatstsafo a gindinta, da tsaga a bisanta, da bishiyoyi da ramukan gara da na ɓeraye a jikinta, yana kuma tabbatar da cewa mafitar rarar ruwa a buɗe take kafin damina. Mutanen Kano sun ga abin da ɓallewar madatsar Bagauda ta yi a 1988, mutanen Maiduguri kuma sun ga ta Alau a Satumba na 2024.

To, in ilmin a bayyane yake haka, me ya hana aiki da shi? Babban dalili yana cikin yadda ake kasafta kuɗi da yadda ake rabon yabo. Sabon gini da sabon inji suna shiga cikin kuɗin manyan ayyuka, ana yi musu bikin buɗewa, a kira maroƙa da 'yan jarida, a kafa allo da sunan mai girma. Giris da matacin mai da albashin mai share ƙura suna cikin kuɗin harkokin yau da kullum, waɗanda su ake fara datsewa da zarar kuɗin shiga sun ja baya. Ba a taɓa yi wa jami'i ƙarin girma don injinsa ya shekara goma bai tsaya ba, tun da ba abin da ya faru balle a gani. Ga kuma abin da kowa ya sani, cewa babbar kwangila tana da abin lasawa, gwangwanin giris kuwa ba shi da shi.

Akwai ma'aunin da za a iya farawa da shi. A 1990 Majalisar Bincike ta Ƙasa a Amurka ta ba da shawara cewa abin da ya kamata a riƙa kashewa kowace shekara wajen kula da gine-ginen gwamnati shi ne kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na kuɗin da za a kashe in da yau za a sake gina su. Watau ginin da sake gina shi zai ci naira biliyan 1 yana bukatar naira miliyan 20 zuwa 40 duk shekara. Kowane babban sakatare zai iya ɗaukar alƙalami ya gwada wannan da abin da ke cikin kasafin ma'aikatarsa. Abin da ba a kashe bana ba bashi ne, kuma bashi ne mai haihuwa, don yoyon da kwano ɗaya zai tsayar bana shi ne zai ruɓar da katako da silin da wayoyin wuta baɗi.

Ko an sami kuɗin, ba za su yi amfani ba sai da rubutu. Kowane inji ya kamata ya kasance da katinsa: ranar da aka kawo shi, awoyin da ya yi, ranar da aka sake mai, abin da ya taɓa lalacewa da wanda ya gyara. Jami'ai suna tafiya canjin wurin aiki, makanikai suna ritaya, katin ne kaɗai ke zama. Inda babu shi, duk sabon zuwa daga farko zai fara, kuma ba mai iya gane cewa boris ɗaya aka sake sau huɗu cikin shekara, alamar cewa ciwon yana wani wuri dabam. Haka kuma littafin injin da zanen wayoyi da na bututu, wurinsu ɗakin inji ne, ba aljihun teburin darekta ba, ba kuma jakar ɗan kwangilar da ya koma ƙasarsu ba. Sito ma yana da nasa rabon laifin. Hukumar da ta sayo injuna iri bakwai daga ƙasashe biyar ta ɗora wa kanta ajiyar kayan gyara iri bakwai, kuma ba za ta iya ba. Ƙarshenta sai a fara cire kayan injin da aka ajiye don ko-ta-kwana ana sa wa mai aiki, har ranar da mai aikin zai tsaya a waiwaya a ga ƙwarangwal. Shi injin ko-ta-kwana, tayar da shi ake yi lokaci-lokaci ko a riƙa karɓa-karɓa da shi, don zama wuri ɗaya ma yana lalata shi.

Sai maganar mutane, wadda ta fi shafar ɗalibai. A 1971 kamfanin Nippondenso na Japan ya yi suna da wani tsari wanda injiniya Seiichi Nakajima ya yaɗa daga baya, inda mai aiki da inji shi ne farkon mai kula da shi: ya share, ya ɗura mai, ya ɗaure abin da ya kwance, ya ba da labari in ya ga sauyi. A nan kuwa an raba aiki an raba daraja. Mai digiri yana ganin taɓa sufana ƙasƙanci ne, mai babbar difloma ta kwalejin fasaha ya sha ganin an tsayar da shi a matakin da takwaransa na jami'a ke wucewa, makanike da fita da mai aikin wuta kuwa suna can ƙasa, ba a tambayarsu ko da za a sayo injin da su za su yi jiyyarsa. An kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu tun 1971, aka kafa Hukumar Ilmin Fasaha ta Ƙasa a Kaduna a 1977, amma horo ba zai riƙe mutum a aikin da ba shi da makoma ba. Ɗalibin injiniya da aka tura masana'anta koyon aiki, ya fi masa alheri ya bi tsohon makanike ya ɓata rigarsa da baƙin mai da ya zauna ofis yana jiran a sa masa hannu a takarda.

Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar kula da gine-ginen gwamnati a 2019, kuma a Afrilu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Umurnin Zartaswa mai lamba 11, wanda ya wajabta wa ma'aikatu da hukumomin tarayya kafa sassan kula da gine-ginensu. Mataki ne mai kyau, kuma ya dace jihohi da ƙananan hukumomi su yi irinsa, tun da yawancin asibitoci da makarantu da gidajen ruwa a hannunsu suke. Sai dai sashen da ke da darekta da teburi amma ba shi da kuɗin kansa, wani ofis ne kawai aka ƙara. Ya kamata majalisun dokoki su keɓe kuɗin kulawa a layinsu dabam, su haramta karkatar da su zuwa tafiye-tafiye da tarurruka. Ya kamata a bai wa injiniyan da ke wurin ikon sayen ƙananan kayan gyara har zuwa wani adadi ba tare da fayil ya zaga ofis bakwai ba, a kuma bincike shi a kai. Duk kwangilar sayen inji ta ƙunshi littafinsa, da kayan gyara na shekarun farko, da horar da waɗanda za su riƙe shi. Masu binciken kuɗi kuma, in sun je ma'aikata, kada su tsaya a bauca da rasit. Su shiga ɗakin inji su nemi kati, su gwada awoyin da ke jikin agogon injin da ranar da aka ce an sake mai. Ma'aikatar da ta kawo bukatar sabon janareto, a ce ta haɗo da katin tsohon da bayanin abin da ya kashe shi kafin a duba takardarta.